Kalmar ‘evoke’: Asalinta, ma’anarta da inda masu rubutu ke tuntuɓe

Kwanakin baya wata sanarwa daga wata ma’aikata ta iso teburinmu na tace labarai. Tana jan kunnen ma’aikatan da suka mayar da fashin aiki al’ada, kuma a sakin layi na ƙarshe aka rubuta cewa hukuma ba za ta yi wata-wata ba wajen “evoke the relevant rules” a kan duk wanda aka kama. Nufin mai rubutun a fili yake: za a zartar da dokar ladabtarwa. Amma abin da alƙalaminsa ya faɗa daban ne, domin mai harshen zai fahimci cewa hukumar za ta sa mutane su riƙa tuno dokokin ne a ransu, kamar yadda tsohon hoto yake tuno wa mutum ƙuruciyarsa. Kalmar da ta dace da wurin ita ce ‘invoke’.

Irin wannan tuntuɓe ba baƙo ba ne a wasiƙun ofis da takardun koke na ƙungiyoyin ’yan kasuwa, har ma da jaridun Ingilishi. A hirar baka sau da yawa kuskuren yakan wuce ba wanda ya lura. Takardar da ke ɗauke da hatimi da sa hannu kuwa tana nan a fayil, kuma tana iya zuwa gaban lauya ko kwamitin bincike ko mai tantance ƙarin girma. Saboda haka ya kamata duk mai hulɗa da Ingilishi a wurin aiki ya san wannan kalma ciki da bai.

Ma’anarta

‘Evoke’ kalmar aikatau ce. Ma’anarta ta yau da kullum ita ce wani abu ya tayar da tunani ko shauƙi ko wata sura a zuciyar mutum, alhali mutumin bai nema ba. Ana amfani da ita ta fuskoki huɗu.

Ta farko, wadda ta fi yawa, ita ce tayar da abin da ya kwanta a rai. Idan aka ce “The photograph evoked memories of the groundnut pyramids”, ana nufin hoton ya tuno wa mai kallo zamanin dalar gyaɗa ta Kano.

Ta biyu ita ce janyo martani daga jama’a. “Her speech evoked sympathy” na nufin jawabinta ya sa an tausaya.

Ta uku ta masu fasaha ce: marubuci ko mai zane ko mai shirya fim ya kawo yanayin wani wuri ko wani zamani har mai karatu ko mai kallo ya ji kamar yana ciki. “The film evokes Kaduna in the 1970s” na nufin fim ɗin ya dawo da Kadunar wancan lokaci, ta masaƙu da jiniyar tashi daga aiki.

Ta huɗu tsohuwa ce, kuma yanzu sai a littattafan tarihi da na almara ake ganinta: kiran ruhi ko aljani ya bayyana.

Zaren da ya ɗinke fuskokin huɗu guda ne. A kowanne akwai abin da yake ɓoye, kuma akwai abin da ya kira shi ya fito.

Furuci da sigogi

Kalmar gaɓa biyu ce, kuma a gaɓa ta biyu ake danna murya, tare da jan wasalin ‘o’. Harafin ‘e’ na ƙarshe ba a furta shi. Tun da Hausa ba ta da sautin ‘v’, bakinmu yakan mayar da shi ‘b’, sai ‘evoke’ ta fito kamar ‘ibok’, ‘invoke’ kuma ta fito kamar ‘imbok’. A magana mai sauri tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba, kuma daga nan ne ruɗanin yake samo asali kafin ya kai ga takarda.

Sigoginta suna bin ƙa’ida: ‘evoke’, ‘evokes’, ‘evoked’, ‘evoking’. A lura cewa ‘e’ ta ƙarshe tana faɗuwa kafin a ɗafa ‘ing’.

Idan za a mayar da ita sifa ko suna, harafin ‘k’ yana komawa ‘c’. Sifar ita ce ‘evocative’, wato abu mai tayar da tunani, kuma a nan wasalin ‘o’ gajere ne. Sunan shi ne ‘evocation’, wanda ake danna muryarsa a gaɓa ta uku. Bayanau kuma ‘evocatively’. Rubuta ‘evokative’ ko ‘evokation’ kuskure ne.

Sifar tana yawan tafiya da ‘of’. Ana cewa “a scent evocative of the rainy season”, wato ƙamshin da ke tuno wa mutum damina.

Asalinta

Tushen kalmar Latinanci ne, harshen tsofaffin Romawa. Sun haɗa ɗafa-goshin ‘e’, wanda gajeren ‘ex’ ne mai ma’anar waje, da aikatau ‘vocare’ mai ma’anar kira, suka samu ‘evocare’: a kira abu ya fito. ‘Vocare’ dangin ‘vox’ ce, wato murya. Daga wannan gida Ingilishi ya samo ‘voice’ da ‘vocal’ da ‘vowel’ da ‘vocation’, da kuma ‘advocate’, wanda ake kira ya zo ya tsaya wa mutum a gaban shari’a.

A wurin Romawa kalmar ta yaƙi ce. Suna da wata al’ada mai suna ‘evocatio’: idan suka yi wa birni ƙawanya, jagoran runduna yakan kira abin bautar da mutanen birnin suka ɗauka shi ne mai tsaronsu, ya roƙe shi ya fito ya koma Roma, bisa alƙawarin za a gina masa wurin bauta a can. Masanin tarihi Livy ya ruwaito cewa Camillus ya yi haka a birnin Veii a shekara ta 396 kafin Miladiyya, inda ya kira abar bautarsu Juno, daga baya kuma aka gina mata ɗaki a kan tudun Aventine na Roma. Haka nan tsofaffin sojojin da suka gama wa’adinsu aka sake kiransu bakin daga, ‘evocati’ ake ce musu.

Kalmar ta shiga Ingilishi a farkon ƙarni na 17, daga Latinancin da kuma ‘évoquer’ ta Faransanci. Da farko an fi jinta a zancen kiran ruhohi. A ƙarni na 19 ne ma’anar tayar da tunani da shauƙi ta kafu, har ta danne ta farkon. Duk da haka inuwar asalin tana nan, domin har yau kalmar tana nuna abin da ya zo wa mutum kamar an kira shi daga wata duniya.

Yadda ake gina jimla da ita

Akwai ƙa’idoji uku da za a riƙe.

Ta farko, ‘evoke’ aikatau ne so-karɓau, wato dole a faɗi abin da aka tayar, kuma kai tsaye yake biyo ta. Ba a sa ‘about’ ko ‘of’ ko ‘on’ a tsakaninsu. “The song evoked about my childhood” kuskure ne. Daidai shi ne “The song evoked my childhood”.

Ta biyu, mutumin da abin ya taɓa ba ya zama karɓau. Wannan shi ne babban ramin da Bahaushe ke faɗawa, domin a Hausa muna cewa waƙar ta tuna mini, sai mu kwaso wannan gini mu ce “The song evoked me”. A Ingilishi abin da ya taso shi ne karɓau, mutum kuma yana zuwa daga baya da ‘in’ ko ‘from’ ko ‘among’. Misali: “The song evoked sadness in me”, ko “The verdict evoked anger among traders”. Ana amfani da ‘in’ ga abin da ya tsaya a zuci, ‘from’ ga martanin da ya fito fili kamar dariya ko tafi, ‘among’ kuma ga taron jama’a.

Ta uku, mai aikin a jimla yawanci abu ne: ƙamshi, sauti, hoto, wuri, suna, kwanan wata. Mutum yana zama mai aikin ne idan shi ne ya tsara maganar ko fasahar, kamar marubuci ko mawaƙi ko mai jawabi. Wanda tunanin ya zo masa ba zai ce “I evoked my school days” ba idan nufinsa ya tuna zamanin makaranta. ‘Remembered’ ko ‘recalled’ zai ce.

Kalmomin da suka fi raka ta su ne ‘memories’, ‘images’, ‘feelings’, ‘emotions’, ‘nostalgia’, ‘sympathy’, ‘fear’, ‘response’ da kuma ‘a sense of’. Kalma ce ta rubutu da jawabi. A hirar shago mai harshen ya fi cewa ‘bring back’ ko ‘remind’.

Misalai biyu daga rayuwar ƙasa za su nuna ta a muhallinta. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 a Oktoban 2022, ƙarancin tsabar kuɗi ya biyo baya a farkon 2023, dattawan kasuwa suka riƙa tuno canjin kuɗi na Afrilun 1984. A Ingilishi sai a ce “The queues evoked memories of 1984”. Haka kuma da aka dawo da tsohon taken ƙasa a ranar 29 ga Mayun 2024, wanda aka rera daga 1960 zuwa 1978, waɗanda suka yi firamare a wancan zamani sun ji ya mayar da su filin taron safe na makaranta. Wannan ma aikin ‘evoke’ ne.

Tsakanin ‘evoke’ da ‘invoke’

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Tushen kalmomin ɗaya ne, ɗafa-goshin ne ya raba su. ‘E’ tana kiran abu ya fito, ‘in’ kuma tana kiran abu ya shigo ya kama wa mutum. Saboda haka ‘invoke’ na nufin dogaro da wata doka ko iko ko suna don cim ma wata manufa, ko kuma kiran Ubangiji a addu’a. Aiki ne na ganganci, mai yin sa ya san abin da yake so.

Sashe na 305 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Shugaban Ƙasa ikon ayyana dokar ta-ɓaci. An yi aiki da shi a Jihar Filato a Mayun 2004, da jihohin Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013, da Jihar Ribas a Maris na 2025. A duk waɗannan lokuta abin da ya dace a rubuta shi ne “The President invoked Section 305”. Haka ma a ranar 9 ga Fabrairun 2010, lokacin da Majalisar Tarayya ta kafa hujja da ƙa’idar larura ta mayar da Goodluck Jonathan muƙaddashin Shugaban Ƙasa saboda jinyar Umaru Musa ’Yar’aduwa, ‘invoked’ ce kalmar. A ƙetare, Birtaniya ta yi aiki da Sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar Turai a ranar 29 ga Maris na 2017 don fara shirin ficewa, ƙungiyar tsaro ta NATO kuma ta yi aiki da Sashe na 5 na yarjejeniyarta bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka. Su ma ‘invoke’ ne.

Akwai inda kalmomin biyu ke iya zama a jimla iri ɗaya, ma’ana ta bambanta. Ɗan siyasar da ya ambaci sunan Sardauna ko na Malam Aminu Kano don ya ƙarfafa hujjarsa, ‘invoke’ ya yi. Wanda shigarsa ko salon maganarsa ya sa jama’a suka tuno ɗayansu ba tare da an ambaci suna ba, a nan ‘evoke’ ta yi aiki.

Sauran ’yan gidan

‘Provoke’ ita ce tsokana ko tunzurawa. Ta fi ‘evoke’ zafi, kuma sakamakonta yakan fito fili: fushi, zanga-zanga, faɗa. Tana kuma karɓar mutum kai tsaye, don haka “He provoked me” daidai ne. A kotu sunanta ‘provocation’ yana da nauyi, domin Sashe na 222 na kundin Final Kod na Arewa ya sanya tsokana mai tsanani ta ba-zata cikin dalilan da ke sauke laifin kisa daga matakin hukuncin kisa.

‘Revoke’ ita ce sokewa ko janye izini, kuma babu ɗan kasuwar da ke son ganinta a wasiƙa. Sashe na 28 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mallakar fili saboda maslahar jama’a. A Yunin 2024 Babban Banki ya soke lasisin Heritage Bank, jaridun Ingilishi kuma ‘revoked’ suka rubuta. Kishiyar sifarta, ‘irrevocable’, wato abin da ba a iya janyewa, ita ce masu shigo da kaya ke gani a takardar lamunin banki, masu cinikin fili kuma a takardar wakilci.

‘Convoke’ ita ce kiran taro a hukumance, kuma daga ita aka samo ‘convocation’, bikin yaye ɗalibai a jami’a.

Akwai kuma maƙwabta da ba dangi ba. ‘Remind’ tana ɗaukar mutum: “The smell reminds me of my grandmother”. ‘Elicit’ ita ce tatsar amsa ko bayani da dabara, kamar yadda lauya ke yi wa mai shaida. Kada a haɗa ta da ‘illicit’, wato haramtacce, ko da yake furucinsu kusan ɗaya ne.

Tarkon Faransanci

Masu fataucin Maraɗi da Birnin Ƙonni da Damagaram, da ma’aikatan da ke karanta takardun da aka fassara daga Faransanci, suna da nasu tarkon. A Faransanci ‘évoquer’ tana da ma’anar da ‘evoke’ ba ta da ita a Ingilishin yau da kullum: taɓo magana ko tattauna ta. Sanarwar bayan taro a Yamai tana iya cewa “Les deux ministres ont évoqué la question de la frontière”, wato ministocin biyu sun taɓo batun iyaka. Mai fassarar da ya yi gaggawa ya rubuta “The ministers evoked the border question” ya bar mai karatu cikin duhu. Abin da ya dace shi ne ‘discussed’ ko ‘raised’ ko ‘mentioned’.

Haka ‘convocation’ take. A Najeriya gayyatar biki ce da riga da hula, a Nijar kuwa takardar sammaci ce ko ta kira daga hukuma. Wanda aka miƙa wa ita a can ba shi da dalilin ɗinka sabon kaya.

A asibiti da kan titi

Likitocin jijiya suna da gwajin da suke kira ‘evoked potential’. Ana manna wasu ’yan wayoyi a fatar kai, sannan a nuna wa majiyyaci allo mai zanen dara baƙi da fari da ke sauyawa, ko a sa masa ƙaramin sauti a kunne, ko a ɗan taɓa jijiyar hannu ko ta ƙafa da lantarki mara ƙarfi. Na’ura sai ta auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ƙwaƙwalwa ta amsa. Da irin wannan gwaji ake duba jin jarirai da kuma lafiyar jijiyar gani. Ma’anar asali ce dai: an kira, an amsa.

A kan titi kuma akwai motar nan Range Rover Evoque, wadda aka fara sayarwa a 2011. Sunan ya ɗauko kamannin kalmar da rubutun Faransanci, amma sunan haja ne kawai. Wanda ya rubuta ‘evoque’ a matsayin aikatau a wasiƙar Ingilishi ya yi kuskure.

Dalilin da ya sa ƙamshi ya fi iya wannan aiki

Misalan ƙamus na wannan kalma sukan karkata ga ƙamshi, kuma akwai dalili a halittar ɗan Adam. Saƙon gani da na ji suna bi ta wata tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa mai suna talamus kafin a rarraba su. Saƙon ƙamshi kuwa daga hanci yake zuwa wani ɗan ƙullutu a ƙasan ƙwaƙwalwa, daga nan ya miƙe zuwa sassan da ke kula da shauƙi da adana abubuwan da suka wuce. A 2006 masu bincike biyu na Jami’ar Stockholm, Johan Willander da Maria Larsson, sun gwada tsofaffi da kalmomi da hotuna da ƙamshi, suka gano cewa abubuwan da ƙamshi ya tuno musu sun fi fitowa daga shekaru goman farko na rayuwa, alhali na kalmomi da hotuna sun fi fitowa daga shekarun samartaka.

Marubucin Faransa Marcel Proust ya riga su lura da haka. A juzu’in farko na dogon littafinsa, wanda ya fito a 1913, mai ba da labarin ya tsoma ɗan kek a shayi ya kai baki, sai garin da ya yi ƙuruciya ya dawo masa gaba ɗaya. Shi ya sa masana halayyar ɗan Adam suke jingina wannan yanayi ga sunan Proust.

Mu ma mun san abin ba sai an faɗa mana ba. Ƙamshin ƙasa a ruwan farko, wanda masanan Ostiraliya biyu, Isabel Bear da Richard Thomas, suka laƙaba wa suna ‘petrichor’ a 1964, yana mayar da ma’aikacin Abuja gonar mahaifinsa nan take. Haka turaren wuta ko ƙamshin daddawa a miya yake yi wa wanda ya daɗe rabonsa da gida.

Yadda za a mayar da ita Hausa

Babu kalmar Hausa guda da za ta ɗauki dukan nauyin ‘evoke’, kuma wannan ba talauci ba ne, domin Hausa ta raba aikin ne gwargwadon abin da ya taso. Mai fassara zai fara duba karɓau, sannan ya zaɓi aikatau.

Idan abin da ya wuce ne, sai a ce ya tuno wa mutane, ko ya dawo musu da shi sabo fil. Idan abin mai ciwo ne, kamar gobarar kasuwa da ta tuno wa ’yan Sabon Garin Kano asarar 2016, sai a ce ta fama tsohon miki. Idan tausayi ne, ya sosa rai. Idan son abin da ya shuɗe ne, ya tayar da kewa ko bege, irin abin da muryar Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos ke yi wa dattijo idan ya ji su a rediyo. Idan jarumta ce, ya tsuma, kamar yadda kiɗa da kirari ke tsuma ɗan tauri ko ɗan dambe. Idan tsoro ne, ya jefa fargaba ko ya sa tsikar jiki ta tashi. Idan martanin jama’a ne, ya janyo ce-ce-ku-ce ko ya tayar da ƙura. Idan kuma fasaha ce, sai a ce marubucin ya zana wurin kamar a gaban mai karatu aka yi.

Wanda zai juya daga Hausa zuwa Ingilishi shi ma ya yi hattara. Tunatarwar ofis, irin ta biyan kuɗin haya ko ta halartar taro, ‘reminder’ ce, babu ruwanta da ‘evocation’.

Kafin a sa hannu

Tambayoyi uku sun isa su tsare mai rubutu. Shin abin da ya biyo bayan kalmar doka ce ko sashe ko iko ko sunan da ake kafa hujja da shi? To ‘invoke’ ake nema. Shin izini ne ko lasisi ko kwangila da ake janyewa? To ‘revoke’ ce. Shin tunani ne ko shauƙi ko sura da ta taso a rai? Nan ne gidan ‘evoke’, sai dai in abin tsokana ce da gangan, a koma ga ‘provoke’.

Idan shakka ta ƙi gushewa, kalma mai sauƙi ba ta rage wa takarda daraja. ‘Apply the rules’ da ‘bring back memories’ Ingilishi ne ingantacce, kuma ba wanda zai karanta su ya nemi ƙarin bayani. Sanarwar nan da muka buɗe da ita, da muka zo mayar da ita Hausa, nufin mai ita muka bi, muka rubuta cewa hukumar za ta zartar da dokokin da suka dace. Kwafin Ingilishin kuwa ya riga ya fita da hatimi da sa hannu.